Katin Jirgi da Takardata ta Ajami

Har gobe ba zan manta da ranar da injin jirgi ya yi mini tari a saman duwatsun Birnin Kudu ba. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, ina ɗalibi a makarantar koyon tuƙin jirgin sama, saura gwaji ɗaya a bar ni in yi doguwar tafiya ni kaɗai. Wanda ya faɗi wannan gwajin, yawanci sallamarsa ake yi.

Kowane jirgi yana da katin da hukuma ta amince da shi, an jera abubuwan da matuƙi zai duba ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ɗan gidan malamai ne daga Sundimina ta ƙasar Birnin Kudu, a wurinmu karatun da ba ka rubuta da hannunka ba bai zama naka ba. Sai na kwafe katin jirgin da nake koyo da shi da ajami, na haddace tsaf. Malamina, Kyaftin Bala, ya gani ya yi dariya ya ce, "Madalla, alaramma! Ni ma ina da tawa a aljihu." Daga nan na daina taɓa katin hukuma.

Ranar gwaji aka ba ni wani jirgi dabam, mai tankin mai biyu, alhali nawa ɗaya gare shi. Mai gwada ni Kyaftin Isa ne, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Muka je Gwaram muka juyo. Ina leƙen ko zan hango garinmu, sai injin ya fara sarƙewa.

"Karanto mini katin," in ji shi.

Na zaro takardata na karanta daga sama har ƙasa, babu maganar sauya tanki. Na sake farowa, kaina ya ɗaure. Ya fizge ta, ya juya ta nan ya juya ta can, ashe bai iya ajami ba.

"Ina katin jirgin?"

Wallahi ban san inda yake ba. Shi ya murɗa makunnin tanki na biyu, injin ya dawo hayyacinsa.

Da muka sauka na ce, "Ranka ya daɗe, Kyaftin Bala ne ya yarje mini." Sai Kyaftin Isa ya zaro tasa takardar daga aljihu, duk ta sha jiki. Na ƙara rikicewa, na ce, "To wanne ne daidai?"

Ya ce, "Tawa ta tuni ce, bayan na gama da katin. Yau da suma ka yi a sama, wa zai karanta taka?"

Ya rubuta na faɗi, ya kuma roƙa a ba ni dama ta biyu, na ci. Daga baya ni ma na zama malamin tuƙi, na yi shekaru ina koyarwa, ban taɓa hana ɗalibi rubuta tasa ba, tunda kowannenmu yana da ita. Amma kafin mu tayar da inji sai ya ɗora katin hukuma a cinyarsa, inda ni ma idona zai kai, domin ran da ke cikin jirgin ba nasa kaɗai ba ne.