Mai Ɗanɗana Ruwan Inji

A unguwar Mansur ta Makka babu teku, sai ƙarnin kifin da motoci ke kawowa da safe. Amma a nan Malam Muttaka ya ƙarasa rayuwarsa yana duba injinan jiragen ruwa, a zaune kan tabarma, ba tare da ya ga jirgin ba.

Mutumin Wudil ne. Ya zo aikin Hajji yana saurayi, alhazai suka koma, shi ya tsaya. Igama, wato takardar zama, bai taɓa riƙe ta ba. Shekarunsa na farko a Jidda ya yi su, wajen masunta, a hannun wani tsohon makanike mutumin Yaman. Tsohon ne ya koya masa cewa injin jirgi ruwa biyu gare shi. Akwai na ciki, ruwan daɗi da ake haɗawa da koren magani, yana zagaya inji yana ɗauke zafi. Akwai na teku, wanda famfo ke zuƙowa ya bi ta siraran bututun tagulla, ya sanyaya na cikin, ya koma inda ya fito. Ba a son su gamu. Ranar da bututu ɗaya ya huje, gishiri ya shiga, sai ya riƙa cin inji a ɓoye, zafi na hawa, har wata rana inji ya ƙame a tsakiyar teku.

Tsohon ba shi da na'ura, bakinsa ne ma'auninsa, kuma haka Muttaka ya gada. In inji ya yi zafi, da tsari yake binsa. Ya duba rariyar da ke tace ruwan teku ko leda ta toshe ta, ya duba robar famfo ko haƙoranta sun karye, ya taɓa bel ya ji ko ya saki. In duk lafiya, sai ya kurɓi ruwan ciki ya juya shi a baki. Zaƙi zalla, babu matsala. Zaƙi da gishiri, bututu ya huje. In ya ji santsi a harshe, mai ya shiga. In kuwa ɗaci ne mai warin hayaƙi, to gasket, shimfiɗar da ke haɗa kan inji da jikinsa, ya ƙone. Yakan tofar, amma ba duka ke fita ba.

Daga Jidda ya koma aiki da wani gida na jikokin alhazai, Hausawan da suka zama 'yan ƙasa, masu jiragen kamun kifi a gaɓar Shu'aiba. Da uban gidan ya rasu, jiragen suka zama gadon 'ya'yansa biyu, Bandar da ƙaninsa Abdulilah. Muttaka ya auri Fatsuma mai tuwo, wadda aka haifa a unguwar Nakkasa ta Makka, ba ta da takardar kowace ƙasa. Ɗa guda Allah ya ba su, Zali, zazzaɓi ya ɗauke shi yana ƙarami, aka binne shi a maƙabartar Shara'i. Tun daga ranar ba a ƙara zancen Wudil a gidan ba. Fatsuma takan ce, "Inda aka sa Zali, nan za a sa mu."

Da aka rushe layinsu a Nakkasa, Bandar ya ba su ɗaki a bayan shagon kifinsa na Mansur, ba haya. Abdulilah bai so ba, shi firiji yake son sa wa a wurin. Bandar ya ce masa ɗakin ba sadaka ba ne, wurin aikin makanikensu ne. A lokacin shingayen hanya sun tsananta, marar takarda in ya fita Makka da wuya ya dawo, in an kama shi sai tarhil, a sa shi a jirgin sama a mai da shi ƙasarsa. Saboda haka Muttaka ya daina zuwa bakin teku, ruwan inji ya fara zuwa wurinsa a ƙananan kwalabe, kowace da sunan jirginta a jiki. Kowa a gidan ya gane, ko da ba a faɗa ba, cewa zamansu a ɗakin yana rataye da kwalaben nan.

Idris direban motar kifi ke kawo su.

"Baba, ga shayinka," in ji shi, yana jera su a kan tabarma. "Yau har da na Hadil, mai zafin kai." Hadil jirgi ne, Bandar ya sa masa sunan 'yarsa.

"Zo ka kurɓa kai ma, ko bakinka ya huta da surutu."

"Ni? Wallahi ko da madara. Hala Fatsuma, a zubo mini miya, ni ɗan Adam ne, ba inji ba." Hala, wato inna da Larabci, haka suke kiranta.

Sai Muttaka ya yi masa tambayoyinsa bi da bi: ina allurar zafi ta kai, ruwa na fita ta bayan jirgi da ƙarfi ko ɗigo yake, wane irin hayaƙi aka gani. Sannan ya ɗanɗana, ya kira Bandar a waya ya faɗi abin da za a buɗe.

Fatsuma ce ta fara lura. Wata rana ya ture kwano ya ce miyar ba gishiri. Ita da unguwar Mansur kaf ke cin miyarta, ba wanda ya taɓa ce mata haka. Ta ƙara, ya ce har yanzu. Ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ja baya, bakinsa kullum kamar ya tsotsi ƙusa. Ta ja shi wani ƙaramin asibitin kuɗi inda ba a tambayar takarda. Likitan ya ce ƙoda ce, duka biyun, ya tambayi sana'arsa. Da ya ji, sai ya daɗe yana kallonsa, ya ce koren ruwan nan guba ne, ko kyanwa ta lasa ba ta kai labari. Ya ce sai wankin ƙoda, kuma ga marar igama sai in wata ƙungiyar agaji ta sami gurbi.

A hanyar gida, da suka zo bakin layi, Muttaka ya juyo wurinta. "Kada Bandar ya ji."

Ba a jima ba kwalbar Hadil ta sake zuwa. Idris ya ce an duba rariya, an canza roba, zafi na nan yana hawa, ga shi za a fita nesa da mutane a ciki. Da ya tafi, Muttaka ya ɗaga kwalbar a haske. Launi lafiya, babu mai a sama. Gishiri kuwa ba a ganinsa da ido. Ya kurɓa, ya juya, ya sake kurɓa. Ƙusa kawai yake ji.

Waya ta yi ƙara.

"Ya Ammi, yaya Hadil?" in ji Bandar, wanda ke kiransa Ammi, wato baffa. "Abdulilah ya dame ni, wai akwai na'ura a Jidda, a tsoma ta faɗi gishiri. Na ce masa halas, a bar maganar, muna da Ammi."

"Ba ni zuwa la'asar."

Ya ajiye wayar ya zauna yana kallon kwalbar. In ya ce lafiya alhali da gishiri, ya tura bayin Allah teku da injin da zai iya ƙamewa. In ya ce gishiri aka buɗe ba a ga komai ba, Abdulilah ya sami abin da yake nema. In ya faɗi gaskiya, Bandar zai yi kuka, ya sayi na'ura, kafin wata ya mutu firiji ya shiga ɗakin. Daga nan sai titi, daga titi sai tarhil.

Fatsuma ta goge hannu a zane, ta ɗauki kwalbar.

"Ajiye, Fatsuma. Kin ji abin da likita ya ce."

"Na ji. Na kuma ji abin da Abdulilah ya ce."

"Guba ce fa."

"Malam, wa ya rage maka a Wudil? Ni ko hanyarta ban sani ba."

Ta kurɓa kamar mai ɗanɗana miyar biki, ta lumshe ido, ta tofar a gwangwani.

"Zaƙi ne a gaba, irin na alewar yara. Can baya akwai gishiri, kamar ruwan da aka jiƙa busasshen kifi."

Ya kira Bandar ya maimaita maganarta yadda ta faɗa. Aka buɗe, aka tarar bututu ya huje.

Haka aikin ya koma. Idris ya kawo kwalabe, a yi wasa da dariya, ya tafi, a saki labule. Muttaka ya koya mata bambancin santsin mai da ɗacin hayaƙi, ya riƙe mata gwangwani, ya tsare ta sai ta kurkure baki. Ya so ta riƙa taɓawa da bakin harshe kawai, amma mai ba ya nuna kansa sai an juya ruwan a baki, shi ma ya sani. Kowace safiya, in ta fito sa tukunya, ƙafafunta yake fara dubawa.

Gurbin wankin ƙoda ya samu jefi-jefi, sannan ya daina samuwa. Bayan alhazai sun watse a shekarar, Muttaka ya rasu da hantsi, a kan tabarmarsa. Bandar ya sha zirga-zirga kafin a ba da izinin binnewa. Aka yi masa salla a Harami, aka kai shi Shara'i. Kaburburan can ba su da suna, ba wanda ya san daidai inda Zali yake, amma ƙasa ɗaya ce.

Da 'yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa, Bandar ya zo da safe ya tsaya a ƙofa. Fatsuma na takaba, tana bayan labule.

"Ya Hala, Abdulilah ya kawo masu auna ɗaki jiya. Na kore su. Ammi, Allah ya jiƙansa, bai taɓa jiƙa busasshen kifi ba a rayuwarsa. Tun ranar na gane wa ke ɗanɗanawa. Ban faɗa wa kowa ba."

Ya matso kusa da labulen ya ci gaba.

"In kwalabe na ci gaba da zuwa nan, ina da abin da zan gaya wa ƙanina. In ba haka ba, wallahi ya Hala, ba ni da hujja."

Ta ji ƙarar kwalba a kan siminti. Bandar bai san abin da ya kashe Muttaka ba, ciwon tsufa ya ɗauka. Mutum ne mai tsoron Allah. Da za ta buɗe baki ta faɗa masa maganar likita, a ranar zai sayi na'ura, ba zai ƙara aiko mata da ko ɗigo ba, masu auna ɗaki kuma su dawo. Ta dubi ƙafafunta. Silifas ɗin da ta daɗe tana sawa ya fara yi mata shaida a fata.

Ta miƙa hannu ta ƙarƙashin labule.

"Na wane jirgi ne?"

"Hadil."

Ta kurɓa, ta juya a baki. Ta laluba gwangwanin, ba ya inda Malam ke ajiye shi, masu share ɗaki ranar rasuwa sun yar da shi. Ta tofar a gefen zanenta, abin da ya fita ya fita.

"Ka ce su duba mai," in ji ta. "Akwai santsi."