Tarin Ƴar Farina

Shekarar da aka ci jar dawar taimako, ina koyarwa a lakwal ɗin Matamaye, wato makarantar boko, ƴar farina ta kama tarin da ya ƙi tafiya. Tana ci kamar gara, amma jiki sai ƙashi. In ta yi gumi, akuyarmu har biyo ta take tana lasar hannunta saboda gishiri.

Nan da nan unguwa ta cika da masana. Mai sayar da goro ya ce mayu ne. Liman ya ce sanyi ne. Surukina kuwa ya ce daga danginmu ne, su ba su tari.

Ni da mahaifiyata muka hau kamyo, babbar motar kaya, muka kai ta asibitin Damagaram. Likitan ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, sannan ya yi bayani da Faransanci, ina fassara wa Inna. Ya ce da ciwon aka haife ta. Majinar huhunta kauri gare ta kamar ƙaro, ƙwayoyin cuta sun shige ciki sun yi gida. Jini yana aiko nasa sojoji, su zuba guba, amma ba ta kai ga abokan gaba, huhun take ci. Su mutu a nan, gawarsu ta ƙara kaurin majina, jini ya sake aiko wasu.

Inna ta ce, "Tambaye shi, yaushe za su koma bariki?"

Likita ya ce ba su komawa.

"Ashe irin namu ne," in ji Inna da ƙarfi. "An kira su gadin rumbu, sun kwana ciki."

Na waiga da sauri, sai ga wani saje zaune bakin ƙofa da ƙafa a naɗe. Ya dube ta, ya dube ni, ya kira ni malam da Faransanci, ya ce, "Mushe, tsohuwar nan da ciwon huhu take magana, ko?"

Na ce, "Sosai, ranka ya daɗe."

Aka ba mu magani, aka koya wa Inna bubbuga mata baya safe da yamma. Maganin ya ƙare kafin damina, wani bai zo ba. Inna ta ci gaba da bugu, yarinya tana dariya tana cewa an mai da ita kalangu.

Ta rasu bayan girbin shekara ta biyu. Wajen gaisuwa mai goro da surukina suka kusa dambe kan wanda ya fara gano ciwon.