Tarhon Goggo Lauratu

Da hantsi, in ta gama lazimi ta sha kununta, Goggo Lauratu takan shimfiɗa tabarma biyu a gindin darbejiyar tsakar gidanta a Tambuwal. Ɗaya tata, ɗaya ta duk wadda Allah ya kawo. Shekara goma sha biyu ke nan da ta ajiye aikin jinya, amma matan gari sun ƙi amincewa da wannan ritaya. Ba allura ke kawo su ba, don ta daina yi. Tarho suke zuwa saurare.

Tarhon nan ba komai ba ne illa abin da likita ke saƙalawa a kunne ya saurari ƙirjin marar lafiya. Mutanen Kebbe ne suka raɗa masa sunan, tun lokacin da aka tura ta ƙaramin asibitinsu tana 'yar shekara ashirin da biyu, jihar Sakkwato tana sabuwa fil, kowa na zancen zuwa Makka a jirgin sama.

A shekarar ne aka kawo mata Zahara'u daga Fakku, mace mai 'ya'ya shida. Sunanta da na mijinta, Malam Sambo, sun fito cikin maniyyata, saura wata biyu a tashi. Sai dai wani abu ya sa ta gaba. Tana cikin daka ko tankaɗe, haka kawai gabanta zai yanke ya faɗi, zuciya ta hau bugu, gumi ya keto, numfashi ya ƙi shiga. An sha rubutu, an yi hayaƙi, maƙwabta har sun fara raɗe-raɗin iska. Malam Sambo, cikin tausayi, ya soma cewa gara ta haƙura da tafiyar.

"Malama, kullum mutuwa nika yi, rufe ni ɗai aka ƙi," in ji Zahara'u. "In abin ga ya kama ni cikin jirgi, ina za ni gudu?"

Lauratu ba ta yi gaggawa ba. Ta fara tura ta babban asibiti a Sakkwato, takarda ta dawo cewa zuciya lafiya lau. Da wani ne, da ya ce mata ba abin da ke damunta, ya kira na gaba. Lauratu kuwa ta san akwai ciwon fargaba, ciwo ne na gaske, ba raki ba. Suna cikin duba takardar ma abin ya taso. Zahara'u ta dafe ƙirji, ta fara kalmar shahada. A nan Lauratu ta yi abin da ba a koya mata a makaranta ba: ta zare tarhon daga kunnenta, ta saka a na Zahara'u.

"Inna, saurara. Mi kika ji?"

"Ganga! Ganga nika ji!"

"Zuciyarki ta. Ba tsayawa za ta yi ba, ta dai tsorata. Ja numfashi, ki sake shi sannu, awa kina hura kunu mai zafi. Ƙara. Kar ki bar saurare."

Ta hura, ta ƙara hurawa. Can sai ta zaro ido.

"Malama, ta rage gudu. Ashe tana jin magana!"

Mako bakwai Zahara'u na zuwa duk ranar kasuwa, ta yi addu'arta, ta zauna a benci tana lallashin zuciyarta. Amma ranar tafiya, da safe a tasha, ta sa ƙafa ɗaya cikin mota ta kasa ɗaga ta biyun. Direba na ta hon, Malam Sambo ya sunkuyar da kai. Lauratu ta ratso taro, ta cire tarhonta, wanda ta samu kyauta a makarantar jinya, ba ta ko bari a taɓa mata shi, ta rataya wa matar a wuya, ta ja mayafi ta rufe. Zahara'u ta shiga mota.

Bayan kwana arba'in ta dawo Hajiya, ta miƙo tarhon a naɗe cikin sabon kallabi.

"Sau ɗaya nis sa shi, sa'ad da jirgi yat tashi. Sauran duk da kaina nika lallashinta."

Daga ranar mutanen Kebbe suka koma kiran tarhon Alhaji, suna tsokanar mai shi cewa kayan aikinta ya riga ta sauke farali. Sai bayan shekara ashirin ta bi sahunsa.

Goggo, ke ce ba ki taɓa ce wa mai firgici "daure" ba. Ke ce kika zauna da malamar makarantar da ke tsoron tsayawa gaban aji, da mai jegon Dogon Daji da ta ɗauka hauka ke kama ta, kika rufa musu asiri, wadda abin ya fi ƙarfinki kika raka ta wurin likita da ƙafarki. Lauratu mai sanyin hannu, muna ƙaunarki, kuma mun daɗe ba mu faɗa ba.

Kwanan baya wani likita, Dikko, ya ba ta labarin wata na'urar da ake maƙala wa mutum a kai, ta nuna masa motsin ƙwaƙwalwarsa a allo, yana kallo yana koyon natsuwa. Ya ce wasu na jin daɗinta, ko da yake ana kan bincike. Sai da ya maimaita da ƙarfi, don kunnen Goggo ya yi nauyi. Ta yi dariya ta ce su da ido, ita da kunne, Allah ya ba kowa sa'a.

Mun gode, Goggo, Allah ya saka miki da mafificin alheri. Ku kuma masu farin kaya na yau, in mai fargaba ya zo, ku ba shi kujera kafin ku ba shi ƙwaya.

A ranar da ya zo ɗin, Dikko ya tambayi Goggo ko abin ba ya mata ciwo, ga tarho a hannu, amma ba ta ƙara jin komai a cikinsa. Ta shafa robar da ta sha ɗauri, ta dubi tabarma ta biyu.

"Ɗana, ai dama ba kunnena ka maganin ba. Nasu na."