Bututun Da Ya Yi Shiru

Yayana mai gyaran famfo ne, kuma da kunne yake aikinsa. Zai shiga gidan mutum ya manna kunne a bango, ya ɗaga yatsa kowa ya yi tsit, can sai ya ce a nan ya toshe. Maganinsa ɗaya ne tun yana saurayi: ka sakar wa bututu ruwa da ƙarfi, abin da ya tsaya zai wuce. Da wannan sana'ar ya riƙe mu bayan rasuwar babanmu, shi ya sa ba mai ja da shi a gida, ga taurin kai kamar ƙusa.

Da aka yanke masa wani ɓangare na hanji, ni na yi jinyarsa. An sa masa siririn tiyo a gadon baya, an liƙe da filasta, magani na bi ta ciki yana kashe zafin aikin. Mutumin da aka farke wa ciki jiya, yau yana zaune yana tsokanar na gadon kusa. Ni kam wannan sauƙin ne ya fara ba ni tsoro.

Nas ta zo ta ɗora abin saurare a cikinsa, ta daɗe.

"Malam, maganin bayan nan yana taimakon hanji ya farka da wuri, amma naka bai farka ba. Sai ka yi tusa za mu ba ka abinci. Ruwa ma kurɓi kaɗan, jiƙa maƙoshi kawai."

"Ikon Allah," in ji Yaya. "Abin da ake dukan yara a kansa, yau shi ake jira."

Kowa ya yi dariya. Da ta fita ya dube ni. "Auta, toshewa ce kawai. Ba na jin ciwon komai."

"Yaya, maganin ne ya hana ka ji."

Ya kaɗa hannu kawai.

An ce ya riƙa tattaki, yana tura sandar ƙarin ruwansa. A banɗakin ɗakin akwai famfon da ke ɗiga tun zuwanmu, yana hana shi sukuni. Washegari da rana na dawo daga karɓo magani, sai na ji ɗigar ta tsaya. Na same shi a kwance, gaban rigarsa jiƙe sharkaf.

"Na gyara musu," ya ce. "Na kuma sakar wa nawa ruwa. Yanzu za ki ji aiki."

Ashe ruwan famfon ya ɗirka wa cikinsa. Kafin la'asar cikin ya tashi ya yi tauri, sai amai kore. Aka zura masa tiyo ta hanci. Likita ya ja ni gefe ya ce in hanjin bai motsa ba zuwa safe, za a mayar da shi tiyata, don yana tsoron ɗinkin ciki ya saki. Haushi da tausayi suka kama ni, na rasa wanda zan fara da shi.

Da na koma ya yafito ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Auta, ni ba zan iya lanƙwasawa ba. Sa kunnenki."

Na durƙusa na manna kunne a gefen bandejin. Ya ɗaga yatsa yadda ya saba, ɗakin duka ya yi tsit, har na gadon kusa.

"Me kika ji?"

Na ƙara danna kunnena. Shi ya koya mini tun ina yarinya cewa bututun da ke ƙara ba abin tsoro ba ne, sai wanda ya yi shiru. Na kasa ɗago kaina, shi kuma bai sauke yatsan ba.