Neman Aure a Nasarawa GRA Cikin Kwat da Malfa

Zariya, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Ana sallame salla muka kama hanyar tasha, ni da maƙwabcina Malam Isiyaku. Kano za mu, neman aure. Sadiƙu, ɗan yayana marigayi, wanda na riƙa tun yana shekara shida, shi ya ga 'yar wani Alhaji Mansur a Nasarawa GRA. An ce dattijon ya riga ya sallami manema biyu, kuma ba yaro yake dubawa ba, iyayen yaro yake dubawa. Wato ni za a je a duba.

To ni malamin firamare ne mai ritaya, babbar rigata ɗaya ce, ita ma ta ga jiya ta ga yau. Sai na ce bari in ɓullo wa 'yan GRA ta inda suka fi ganewa. Na samo dogon kwat na sanyi a wurin 'yan gwanjo, ruwan toka, har ƙasan gwiwa, da baƙar malfar Turawa da ake kira fedora. Sati biyu ina kallon wani Bature a waya yana koyar da yadda ake haɗa su: malfa ta fi kwat duhu, a ɗan karkata ta wajen idon dama, a ɗaga wuyan kwat. Watan da ake sakawa ne kawai bai faɗa ba. Mu kuwa muna tsakiyar Afrilu.

Maiɗakina ta biyo ni har zaure. "Malam, aure za ku nemo ko ɓarawo za ku kamo?" Na ce mata harka ce ta manya.

Hanya

Mun biya naira dubu biyar-biyar, mota ta tashi bakwai saura kwata. Direba ya ƙare mini kallo ya ce, "Baba, kwat ɗin nan kujera guda zai ci, ko za ka biya masa?" Ban kula shi ba. Amma da muka wuce Tashar Yari muka tarar da shingen 'yan sanda, wani kurtu ya leƙo, ya gan ni, sai ya ƙame ya sara. Ko takarda bai tambaya ba. Direba ya washe baki. "Baba, don Allah gobe ma za ka Kano?" Kaina ya kumbura har malfa ta fara matse ni.

Kwanar Ɗangora, takwas da rabi

Nan muka tsaya karin kumallo, shayi da burodi da wainar ƙwai. Rana ta fara aikinta. Gumi na bin bayana har cikin safa. Sai dabara ta zo mini: na zaga bayan rumfar mai shayi na tuɓe kaftanin da ke ciki, na bar singileti, na ɓalla maɓallan kwat har wuya. Kaftanin na ninke na cusa ƙarƙashin kujera.

Kano, ƙarfe goma

Mun sauka a Unguwa Uku muka hau adaidaita sahu. Sai da muka yi nisa na tuna da kaftani. Ko Malam Isiyaku ban gaya wa ba.

Nasarawa GRA unguwa ce ta manyan bishiyoyi da dogayen katangu, ba ka ganin mai tafiya a ƙasa. Sha ɗaya saura minti ashirin maigadi ya kai mu falo. Alhaji Mansur na zaune a kan darduma da ƙannensa biyu, farin kaftani, hula zanna, babu wata ƙwalisa. Malam Isiyaku ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ni kuwa Baturena ya ce mai wayewa yana shiga ɗaki yake cire malfa, bai ce komai a kan takalmi ba. Haka na taka dardumar mutane da sau-ciki, na cire malfa na ɗora a ƙirji, sanƙona na ƙyalli. Shekarata sittin da biyu ina sane da cewa a gaban manya takalmi ake cirewa a bar hula. Ran nan na juya su.

Muna cikin gaisawa wuta ta ɗauke.

"Malam, cire rigar sanyin nan mana, nan gida ne," in ji Alhaji.

"Ai na saba, ranka ya daɗe."

"Ikon Allah. Ni shekarata goma sha ɗaya a Ingila, ban saba ba."

Malam Isiyaku ya yi gyaran murya zai rufa mini asiri, Alhaji ya ɗaga hannu. "Bari uban yaro ya yi magana. Malam, ran da 'yata ta samu saɓani da mijinta, wurinka za ta kawo kuka. Ina so in san wa zan ba amana, don har yanzu ban gan shi ba."

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na ga auren Sadiƙu yana zamewa a hannuna, yaron da bai yi laifin komai ba. Na tuɓe takalman nan na ajiye gefe, na durƙusa.

"Alhaji, tsoro ne ya sa ni wannan shiga. Yaron maraya ne, ni ne gatansa, ni kuma ba ni da komai. Na ji tsoron a raina shi saboda ni. Kwat ɗin ma ba zai ciru ba, singileti ce a ciki."

Ƙaramin ƙanen ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Alhaji bai yi dariya ba. Ya tashi da kansa ya shiga ciki, ya fito da riga da 'yar ciki da hula, ya nuna mini wani ɗaki. Da na fito ya ce, "Yauwa, sannu da zuwa Malam. Me ke tafe da ku?" Na faɗa. Ya ce sun yi bincike a kan yaron tun tuni, sun ba mu. Aka shafa fatiha.

Bayan azahar muka ci tuwon shinkafa miyar taushe. Da za mu tafi na miƙa hannu zan ɗauki kayana, Alhaji ya dafe su. "Rigar kyauta ce. Kwat da malfa kuwa suna nan wurina, sai an ɗaura aure ka aiko a karɓa."

Zariya, biyar da kwata na yamma

Tun daga bakin layi na hango Sadiƙu a ƙofar gida, ashe tun hantsi yake nan bai ci komai ba. Na ce masa, "An ba mu." Ya durƙusa ya riƙe gefen rigar nan yana hawaye. "Baffa, na san in dai kai ka je ba za a raina mu ba."

Na dubi Malam Isiyaku, ya ɗauke kai yana kallon sama. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, sannan ga Malam Isiyaku, wanda har yau bai buɗe baki ba.