Gwadabe Barista da Ragon Tani

Shekara ashirin da biyu Gwadabe ya yi yana masinja a wata kotun majistare a Katsina. Aikinsa goge tebur, ɗauko fayil, da ƙwala kiran masu ƙara daga bakin ƙofa. Amma in ka ji shi a majalisarsu ta Ƙofar Marusa, sai ka rantse shi ke yanke hukunci, majistare hannu kawai yake sawa.

Shekarar da soja suka koma bariki aka yi masa ritaya. Ya taho gida da kekensa da wani tsohon kundin dokokin laifuffuka da wani lauya ya manta a kan benci. Ya ce zamanin bindiga ya wuce, yanzu doka ke magana, kuma wanda bai san ta ba a mulkin farar hula, shi da akuya ɗaya. Da ɗan Turancinsa na firamare ya dinga bin kundin da yatsa, kalma bayan kalma, abin da ya gagare shi ya cike da ka.

Bayan la'asar sai ya baje a tabarma ya fara karatun da ba wanda ya roƙa.

"Kowane laifi ƙafa biyu gare shi," in ji shi, "aiki da niyya. Ka karya guda, laifi ya faɗi. In ƙafafun sun tsaya kuma, akwai mafita: kare kai, kuskure, taɓin hankali, tsokana. Amma ina za ku gane? Ku da ɗan sanda zai daka wa tsawa ku amsa laifin da ba ku yi ba."

'Yan majalisa suka laƙaba masa Barista. Ba'a suke yi, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, har in yaro ya ce masa Malam Gwadabe ba ya waiwayowa. Matarsa Rashida, wadda ke riƙe da gidan da sayar da wake da shinkafa, ta taɓa tambayarsa ko a cikin littafin nan akwai inda aka yi maganar cefane. Ya dube ta sheƙeƙe, ya ce ilimi ba na kowa ba ne.

Saura mako biyu Babbar Sallah, ragon maƙwabciyarsu Tani ya tsinke igiya. Tani gwauruwa ce, mijinta ya rasu, kiwon ragon nan take tun damina don ta sayar ta yi wa 'ya'yanta ɗinki. Ragon ya shigo gidan Gwadabe da hantsi, ya tusa kai a ƙwaryar waken Rashida. Gwadabe ya tashi ya rufe ƙofar zaure, ya dubi ragon, ya buɗe kundi.

"Malam, na Tani ne fa," in ji Rashida. "Bari in kora mata."

"Zauna. Sata ba ta tabbata sai mutum ya ɗauke abu daga hannun mai shi. Ni na ɗauko shi? Da ƙafarshi ya shigo. Ƙafa guda ta karye."

"Allah fa?"

"Ina maganar doka, kina kawo wani zance."

Kafin azahar ya yanka. Da Tani ta zo tana cigiya, gyalenta a hannu, ko ɓoyewa bai yi ba. Ya nuna mata fatar a shanye, ya yi mata bayani dalla-dalla yadda ba ta da ƙara. Ta juya ta wuce wurin mai unguwa. Mai unguwa ya kira shi ya ce ya ba ta haƙuri ya sai mata wani, magana ta mutu. Gwadabe ya ce shi ba ya shari'ar zaure, a kai shi kotu. Aka kuwa kai shi, kotun da ya yi wa shara shekara da shekaru.

Majistaren sabuwa ce, Suwaiba, matashiya. Gwadabe na ganinta ya taɓe baki. Yarinyar da ko firamare ba ta shiga ba sa'ad da ya fara aiki! Sa'ad da ake karanta tuhuma bai ma saurara ba, yana ta shirya jawabi a ransa. Da aka ba shi dama ya gyara riga, ya yi rabin sa'a yana koya wa kotu abin da ake kira sata. Ta bar shi har ya gaji.

"Baba, ka san ragon na Tani ne?"

"Sarai, ranki ya daɗe. Ai nan ne hikimar take."

"Ta ba ka izini ka yanka?"

"Ba a buƙata."

"To, gaskiyarka, ba ka ɗauko shi daga gidanta ba. Shi ya sa ba da sata aka tuhume ka ba. Laifinka shi ne ka mai da dukiyar wani taka, kana sane ba taka ba ce. Yana nan cikin littafin da ke hannunka, 'yan shafuka gaba kaɗan."

Gwadabe ya hau buɗe kundi. Ya ce to kuskure ne. Ta ce da bakinsa yanzu ya ce yana sane. Ya ɗago ya ce to tsokana ce, ragon ne ya fara, ya ci musu wake. Kotu ta kwashe da dariya, har ɗan sandan da ke tsaye ya juya baya yana riƙe ciki.

Wata biyu ta ba shi a gidan yari, kuma ya maya wa Tani ragonta. Keken aka sayar aka sayo. Rashida ta kwashe kayanta ta koma gidan yayanta a Kambarawa, ta ce ba za ta iya haɗa ido da matan unguwa ba. Sai bayan shekara ta dawo, don yara.

Da ya fito ya ce yarinyar ba ta san aikinta ba, zai ɗaukaka ƙara. Bai ɗaukaka ba. Ya koma tabarmarsa, amma yanzu da ya gyara murya sai majalisa ta watse, kowa ya tuna da wani uzuri. Ya yi shekara tara a haka, yana tsare masu talla da baƙin da ba su san shi ba, kafin ciwon ƙafa ya kwantar da shi a ɗaka.