Takalmin Sallata da Tatsuniyar Ƙaguwa

A gidanmu na unguwar Nima, da an sallame magariba Kaka take jawo kurfotinta bakin ƙofa, ta ƙara gawayi kaɗan, ta ɗora gyaɗa ko masara. Mu kuma mu zagaye ta, kowa da guntun benci ko kifaffen gwangwani, har a kira lisha. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, da famfo ɗaya da ruwa ke zuwa in ya ga dama. Kaka mahaifiyar Babanmu ce. Ba ta fita ko'ina, amma babu abin da ke wucewa a tsakar gidan nan ba ta gani ba. Ni ma halinta na ɗauko, har yau zaman gida ya fi mini komai daɗi.

Mahaifiyata, Mma, ita ce mai fita. Albasa take sarowa daga garin Bawku can arewa ta kawo kasuwar Agbogbloshie, wata sa'a mu yi makonni ba mu ga idonta ba. Ni ce 'yarta ta fari, saboda haka ba ta kiran sunana. "Ke" nake, ko "waccan". Ba ta zaunar da ni a cinyarta, ba ta yi mini kitso, wannan duk aikin Kaka ne. Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce, haka ta taso ta tarar ana yi a gidansu.

A wancan lokacin ba a jan yaro kasuwa don sayen takalmi. Tsinken tsintsiya ake zarowa, a gwada a tafin ƙafarsa daga dunduniya zuwa babban yatsa, a karya, a tafi da shi. Takalmin da tsinken ya shige ya kwanta a ciki, shi ne naka.

Shekarar da nake wajen tara, da asubar ranar da Mma za ta tafi arewa, na ji sanyin hannu a ƙafata. Na yi lamo kamar mai barci. Na ji ta ɗora tsinke a tafin ƙafata a hankali, na ji ƙas ta karya, ta gyara mini mayafi ta fita. Tafiyar da aka ce ta wata ɗaya ta zama ta wata biyar, domin mota ta yi wuya a shekarar, ga kuma ƙanwarta ta kwanta ciwo a can. Ta dawo saura kwana huɗu Sallah. Ta jera ƙannena a tsakar gida ta auna su ɗaya bayan ɗaya, tana yi musu faɗan su tsaya sosai. Ni ba ta kira ni ba. Nawa tsinken yana ƙulle a bakin zanenta tun waccan asubar.

Da ta dawo daga kasuwar Tudu da yamma, ta miƙa wa Kaka ƙunshi ta ce, "Inna, ga na waccan."

Ja ne, mai maɗauri a gefe. Ban taɓa mallakar abu mai kyansa ba. Na zura ƙafa, babban yatsana ya lanƙwashe, bayan takalmin ya kama dunduniyata kamar haƙori. Na ɗaga kai, sai na ga Mma tana satar kallona ta gefen ido, tana yi kamar tana gyara buhu.

Kaka ta ce, "Ya yi, ƙawata?"

Na ce, "Ya yi daidai."

Da shi na yi yawon Sallah, daga Nima har gidajen dangi a Maamobi, mu dawo. Kafin la'asar dunduniyata ta yi bororo, washegari ta fashe. Sai na koyi taka gefen ƙafa ina ɗan karkacewa, in na dawo gida in laɓe bayan duron ruwa in wanke jinin. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada Mma ta san cewa abin da ta ɗauko mini a zuciyarta wata biyar bai yi mini ba.

Yammacin kwana na biyu muka zagaye kurfoti. Mma tana zaune can gefe kusa da ƙofarmu, tana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Kaka ta juya masara, ta ɗan ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan tafe daga bakin teku."

Muka ce, "Ta iso, mun matsa mata."

Ta ce a zamanin da, ƙaguwa miƙe take tafiya kamar kowa, har ana yaba kyan takunta. Uwarta fatauciyar gishiri ce, kullum tana hanya. Rannan za ta yi nisa, sai ta karyo tsinken ciyawa ta auna ƙafafun 'yarta, ta ce in Allah ya dawo da ita lafiya za ta zo mata da takalma.

Ƙanwata Hajara ta ce, "Kaka, ƙafa nawa za ta saya wa? Ai suna da yawa."

"Duka. Ke da ƙafa biyu kacal kin ishi uwarki, bare ita. Ci masararki."

Uwar ta tafi, damina ta zo ta wuce tana can. Duk garin da ta sauka sai ta taɓa tsinken ta ji yana nan. A kasuwa ta ƙarshe ta sayar da gishirinta, ta zaɓo takalman da suka fi kowanne kyau, daidai da tsinke ba ragi ba ƙari. Da ta iso gida, 'yar ƙaguwa ta dubi kafaɗar uwarta yadda igiyar kaya ta ci ta, ta dubi takalman, ta cusa ƙafafunta ciki ta ce, sun yi daidai. In ta miƙe gaba zafi, in ta ja baya zafi, sai ta gano in ta bi ta gefe yana ɗan sauƙi. Uwar kuwa duk sanda ta waigo takalman take kallo tana jin daɗi, ba ta kalli tafiyar ba. Ranar da takalman suka tsufa suka yage, ƙaguwa ta nemi ta miƙe tafiya, ta tarar ta manta. Shi ya sa har yau in Anti Naa mai kifi ta kawo su a kwano, kuke ganin suna bin gefe.

Kaka ta ce, "To laifin wa?"

Hajara ta ce na uwar. Wata 'yar maƙwabtanmu ta ce na 'yar, tunda tana da baki. Ni kuwa na tura ƙafafuna ƙarƙashin zane.

Kaka ta ce, "Ni ban ga mai laifi ba. So ne ya yi karo da so, aka rasa mai magana. Tsinke dai ba ya girma, ƙafa kuwa ba ta jiran fatake. Ta tsaya a nan, mai kunne ya ɗauka."

Na lura hannun Mma ya tsaya a cikin albasa. Da aka kira lisha yara suka watse, Kaka ta miƙe da butarta. Mma ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Inna, akwai man kaɗanya a ɗakinki?"

"Yana kan taga. Ga sauran wuta nan, ki ɗumama ruwa. Ni sallata yau doguwa ce."

Kaka ta shiga ɗaki ta saki labule, abin da ba ta yi sai za ta kwanta.

Mma ta ce, "Ke, zo nan."

Ta zaunar da ni a kujerar Kaka, ita ta durƙusa a ƙasa. Ta ɗora ƙafata a cinyarta ta juya ta wajen hasken gawayi. Ta daɗe tana kallo. Ta zuba gishiri kaɗan a ruwan ɗumi ta wanke, na cije leɓe, ta shafa man da ɗan yatsanta a hankali. Hannunta yana warin albasa, yana da kaushi.

"Me ya hana ki faɗa?"

Na ce, "Kin sha wuya kafin ki sayo."

Ta ɗauki ɗaya ƙafar. Can ta ce, "Gobe kada ki saka. Hajara za ta gaje shi." Sai ta ƙara da murya ƙasa ƙasa, "In ya warke, da ke za mu je."

Haka aka yi. Bayan mako guda muka hau trotro, ƙaramar motar haya, zuwa Tudu, ni da ita kawai, ina gefenta kafaɗarmu na gogar juna. A wurin mai takalmi ta sa na tsaya a tsaye, ta danna babban yatsanta a gaban nawa ta ga akwai fili, ta lanƙwasa ƙasan takalmin ta ji ko yana da taushi, ta shafa cikin bayansa ko akwai ɗinki mai cizo. Mai takalmin ya ce, "Hajiya, ai ya zauna mata, kamar don ita aka yi." Mma ta ce, "Ba kai na tambaya ba." Ta sa na taka har rumfar mai sabulu na dawo, sau biyu, tana tsugune tana kallon ƙafata. Baƙi muka saya, bai kai jan kyau ba. Shekara biyu na yi da shi.

Da ina ƙarama na ɗauka Kaka ta yi tatsuniyar ne don ta cece ni. Sai da na yi aure na zauna da tawa surukar na gane har da Mma ta ceta. Da ta ce mata a gaban yara, kin sayo wa 'yarki abin da ya ji mata ciwo, da Mma ta haɗiye kunya ta yi shiru, ni kuma da na ji na tona mata asiri. Sai ta ɗora wa ƙaguwa nauyin, ta saki labule, ba ta kuma sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

Na haifi biyar. Matan unguwa da ke fita nema tun safe sukan tsaya su tambaye ni wane irin takalmi ya fi ƙarko, na fata ko na roba. Nakan faɗa musu abin da na sani: ku je da yaron da kansa, ku je da yamma lokacin da ƙafa ta sha yawo ta buɗe, ku bar filin yatsa guda, kada kyan launi ya ruɗe ku. Amma a cikin 'ya'yana, masu kuka da rigima a kasuwa ba su taɓa ba ni tsoro ba, su kam ba za su cutu ba. Ta ukun ce, wadda tun kafin in gama ɗaure mata takalmi take duban fuskata ta ce, "Ya yi, Mma." Ita nake zaunarwa in mun dawo gida, in cire shi da hannuna, in duba dunduniyar da idona.